Sarauniyar da Ba Ta Ce Masa Komai Ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da muryata, sanyi ne ya kama ni tun shekaranjiya. Ƙarfe bakwai da rabi ke nan na safe, amma ku dubi taga, har yanzu fitilun titi ba su mutu ba. Haka Disamba take a Ingila. Rana ba ta fitowa sai wajen takwas, kafin huɗu kuma an yi magariba, azahar da la'asar suna bin juna kamar ana kora su.

Yau Asabar, ba ni da aji, don haka zan ɗauke ku mu je Stratford, garin da aka haifi Shakespeare, shahararren marubucin wasan kwaikwayo, a 1564, aka kuma binne shi a 1616. Ga abin da ya sa. Kun ga littafin nan? Duk gefen shafukansa na cike su da jan biro, wani wurin da Turanci, wani wurin da Hausa, don akwai abin da idan ya taɓa ni ba ya fitowa sai da harshen gida. Wasan kwaikwayo ne na Shakespeare, sunansa The Winter's Tale, ni kuma ina ce masa Tatsuniyar Hunturu. A zamaninsu idan aka ce haka, ana nufin irin labarin da tsofaffi ke ba yara a bakin murhu a dogon daren sanyi, wanda ba a tambayar ko ya faru. Gatanan gatananku ke nan. Mako uku muna kansa a aji, kuma cikinsa zan rubuta jingar ƙarshen zango.

To, mun samu jirgin ƙasa, na sami kujera kusa da taga. Bari in ba ku labarin a hanya.

Sarki Leontes na Sisiliya yana da aminin yarinta, Polixenes sarkin Bohemiya. Aminin ya zo baƙunta, ya yi wata tara, ya ce zai koma gida. Leontes ya roƙe shi ya ƙara mako guda, ya ƙi. Sai ya juya ga matarsa Hermione, tana da tsohon ciki, ya ce ke ki sa baki. Ta sa baki, baƙo ya amince. Shi ke nan fa. Wallahi babu wani abu bayan wannan. Mutumin da ya aiki matarsa da bakinsa, shi ne ya tsaya gefe yana kallon yadda take murmushi, yana lissafin watannin cikin da watannin baƙuntar, zuciyarsa ta gama yanke hukunci.

Malamarmu ta sa mu ajiye wannan kusa da Othello, wanda Shakespeare ya rubuta shekaru kaɗan kafin nan. A can akwai magulmaci, Iago, mai hura wuta a kunne dare da rana. A nan babu kowa. Duk fadar ma ƙaryata sarkin take yi. Camillo, amintaccensa, da aka ba shi umarni ya zuba wa baƙon guba, sai ya tona asirin suka gudu tare cikin dare, gudun kuma ya zame wa sarki hujja. Akwai inda Leontes yake cewa mutum zai iya shan ruwa da gizo-gizo a cikin ƙoƙon bai sani ba, ya tashi lafiya, amma ranar da aka nuna masa, sai amai. Shi wai ya sha, ya kuma gani. Na daɗe a kan wannan shafin. Babu komai a ƙoƙon, idonsa ne ya saka shi.

A wurinmu da an ce kishi, mata ake kallo, har sunan kishiya daga nan ya fito. Na maza kuwa sai a saka masa riga, a ce kare mutunci ne, a ce namiji ne. Shakespeare ya tuɓe masa rigar ya tsayar da shi a tsakar fada, kowa ya ga ciwo ne.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne shari'ar. An raba Hermione da ɗanta Mamillius, yana tsakiyar ba ta tatsuniya a kunne, an jefa ta kurkuku, a can ta haihu. Ba ta warke ba aka fito da ita gaban jama'a. Cikin abubuwan da ta lissafa da kanta har da cewa an hana ta hutun da ake ba kowace mai jego, an jawo ta cikin iska ƙarfinta bai dawo ba. 'Yan ajinmu sun wuce layin nan da sauri. Ni na ɗaga hannu. Na ce musu a garinmu mai jego kwana arba'in take yi ana dafa mata ruwan wanka safe da yamma, ana dama mata kunun kanwa, ko tsintsiya ba a bari ta ɗauka. Ku auna matar da aka fizgo daga wannan hali aka tsayar a kotu, mijinta ne mai ƙara, shi ne kuma alƙali. Ajin ya yi tsit. Daga baya na faɗa musu cewa a Suratun Nur wanda ya yi wa mace kamila ƙazafi bai kawo shaidu huɗu ba, bulala tamanin ce a kansa, miji ma ba a barinsa da zargi kawai sai ya yi rantsuwar li'ani. Leontes ba shi da shaida ko ɗaya.

Shi da kansa ya aika manzanni biyu wurin bautar Apollo su nemo hukunci, irin na addininsu na wancan labari. Kwana 23 suka yi. Aka buɗe takarda a gaban kowa: sarauniya tsarkakakkiya ce, aminin ba shi da laifi, jaririyar ta halak ce, sarki azzalumi ne mai kishi, kuma zai zauna ba magaji muddin ba a samo abin da ya ɓata ba. Ya ce ƙarya ne, a ci gaba da shari'a. Bai rufe baki ba aka shigo da labarin yaron ya rasu, damuwar halin da uwarsa ke ciki ta kashe shi. Hermione ta faɗi. Aka fita da ita, aka dawo aka ce ita ma ta cika.

Mun iso. Bari in sa safar hannu. Ku ga kogin Avon, ga fararen tsuntsayen nan masu dogon wuya suna yawo a kai kamar sanyin bai dame su ba. Wancan babban ginin na jan bulo gidan wasan kwaikwayo ne. Za mu bi bakin ruwa har cocin Holy Trinity, inda kabarinsa yake.

Rabi na biyu zan wuce shi da sauri, ko da yake shi ne mai daɗin kallo. Tun kafin shari'a sarki ya sa wani bafade, Antigonus, ya kai jaririyar nesa ya yar. Ya ajiye ta a gaɓar tekun Bohemiya, ƙasar da take cikin Jamhuriyar Cek ta yau, wadda ba ta da teku, tatsuniya dai ba ta neman taswira. Nan wata dabbar daji, beyar, ta biyo shi ta cinye. Makiyayi ya tsinci yarinya. Sunanta Perdita, wato wadda ta ɓata, kamar yadda mu ma muke sa wa yaro Audi ko Talle, sunan yana ɗauke da abin da ya same shi. Sai wani ɗan wasa ya fito a matsayin Lokaci, ya ce shekara 16 sun wuce. Daga nan sai bikin askin tumaki, rawa, furanni, wani ɗan sane mai sayar da waƙoƙi yana yanke aljihun ƙauyawa, ga kuma ɗan sarkin Bohemiya ya faɗa son 'yar makiyayi. Uban ya fusata, masoya suka gudu Sisiliya, asiri ya tonu cewa 'yar makiyayin 'yar Leontes ce. Shi ya sa ake lissafa wasan cikin masu haɗa kuka da dariya. Wani likita mai duba taurari, Simon Forman, ya kalle shi a gidan wasa na Globe a Landan ranar 15 ga Mayu 1611, ya rubuta abin da ya gani, ya ɓata layuka a kan ɗan sanen nan, bai ko ambaci yadda aka ƙare ba.

Ni kuwa ƙarshen ne ya hana ni barci. Bari in zauna a bencin nan.

Akwai mace ɗaya da ban ambata ba, Paulina, matar Antigonus. Ita ce ta ɗauko jaririyar daga kurkuku ta shimfiɗe ta a gaban sarki tana cewa dubi hancinka, dubi goshinka. Ya kira ta mayya, ya ce zai sa a ƙone ta, ba ta ja da baya ba. Shekara 16 tana tsaye a kansa, duk lokacin da fadawa suka ce ya isa haka, ya manta ya sake aure, sai ta tuna masa wadda ya kashe. Har ta sa ya rantse ba zai yi aure ba sai da izininta. Kowace unguwa tana da irin wannan gwaggon, wadda ba ta tsoron rawani. Ina ƙaunarta ƙwarai.

A fitowa ta ƙarshe ta gayyace su gidanta su ga mutum-mutumin marigayiya, wai aikin wani gwanin Italiya ne, Giulio Romano. Ta yaye labule. Leontes ya ƙura ido, nan da nan ya lura da tamoji a fuskar, ya ce matata ba ta tsufa haka ba. Paulina ta ce gwanin ya sassaƙa ta ne yadda za ta kasance da tana raye yau. Ta sa aka yi kiɗa, ta ce sauko. Dutse ya motsa. Ya taɓa hannunta ya ji ɗumi. Ashe tana raye, a ɓoye a wani gida da Paulina ke zuwa sau biyu ko uku kullum.

Shakespeare ya ɗauko labarin ne daga littafin Robert Greene mai suna Pandosto, na 1588. A can sarauniya mutuwar gaske ta yi, sarki kuma ya kashe kansa. Shi ne ya zaɓi ya dawo da ita. Amma ku duba nan, bari in matso da shafin. Ta rungume shi, waɗanda ke wurin ne suka faɗa mana. Magana kuwa sau ɗaya ta yi, layi bakwai ko takwas, duka a kan 'yarta: ina kika zauna, wa ya raine ki, saboda ke na rayu. Ga mijin, ko kalma.

Wani ɗan ajinmu ya ce rungumar ta wadatar, ta yafe. Wata ta ce ba ta yafe ba sam. Ni ina ganin ta yafe, don na taɓa ganin irin wannan yafiyar da idona. Akwai wata 'yar uwarmu da mijinta ya kora da ciki wata bakwai, saboda wani ya gaishe ta a hanyar asibiti. Ta haihu a ɗakin kakarmu, ba a aiko da ragon suna ba. Yaron yana aji uku na firamare mutumin ya zo biko da dattawa, yana kuka a zaure, kamannin da ke fuskar yaron ya ishe shi shaida. Aka taru a kanta, ki yi haƙuri, ki duba yaron nan, Allah ma muna yi masa laifi ya yafe. Aka sake ɗaura aure ta koma. Tana yi masa tuwo, tana gaishe shi da ladabi, ban taɓa jin ta ɗaga maganar ba. Amma matar da na sani tana waƙa in tana daka, ban ƙara jin muryarta a turmi ba. Ina yarinya lokacin, na ɗauka fushi ne. Sai da na zo ƙasar nan na karanta Hermione na gane cewa ta ba shi duk abin da ya rage mata ne, sauran shi ya ƙone shi da hannunsa.

Abin da zan kare a jingata ke nan. Wasan ya yarda da tuba, ya yarda da gafara, amma bai ce wa wanda aka zalunta ya yi sauri ba. Mai laifin aka sa ya jira, kuma tamojin ya zauna a fuskar.

A farfajiyar cocin nan aka binne Hamnet, ɗan Shakespeare namiji tilo, a watan Agusta 1596, yana da shekara 11. Wajen shekara 15 bayan haka ya rubuta wasan da uwa ta dawo, 'ya ta dawo, amini ya dawo, har Paulina aka haɗa ta aure da Camillo, amma yaron, Mamillius, aka bar shi a ƙasa. Ba zan shiga da kyamara ba, akwai masu ibada a ciki.

Na fito, hannuna har ya ƙage. Jiya da daddare na kira Mama, ta ce wai me kike karantawa ne haka da ba kya kira. Na ba ta labarin tun daga farko, tana ta salati, da aka zo wurin Paulina ta ce Allah ya yi wa matar nan albarka. Da na kai inda dutse ya sauko na yi shiru, ina jiran ta ce alhamdulillahi. Sai ta ce, "To yaron fa? Shi ma an ɓoye shi ne?" Na ce a'a Mama, shi ya tafi. Ta daɗe ba ta ce komai ba, ina jin ƙarar fanka a ɗakinta. Can ta ce, "Allah sarki. Ki ci abinci dai kafin ki kwanta."

Uku saura kwata yanzu, ga rana har ta yi ƙasa. Zan nemi inda zan yi la'asar kafin jirgi. Sai mun haɗu Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu.