Amsoshin Tambayoyinku: Ganyen dogonyaro a wuya

Jama'a barkanmu da war haka. Wasiƙu sun taru, lokaci ƙanƙane, malamar saƙa kuma tana nan kusa da ni.

Wani daga Jega na tambaya ko namiji na iya koyon saƙa. Haba Malam, masuntan Argungu wa ke saƙa musu homa? Je ka sayo zare.

To ga wadda ta fi yawa, daga Yawuri, Zuru da nan Birnin Kebbi. Suna son saƙa abin wuya zagayayye, wanda ake zura kai kawai, mai huji-huji da zanen ganye, amma suna farawa sai ya yi ta faɗi har ya wuce kafaɗa. Hajiya, ina matsalar?

"Ai ɗiyata wanga aiki tsoho ne. Matan tsibiran Shetland, can arewacin Sikotland, suna saƙa mayafin ulu da ke wucewa ta cikin zoben aure. A Orenbag ta Rasha kuma da gashin akuya suke yi, ba irin akuyarmu ba, tasu tana da..."

Hajiya, a dawo da mu Kebbi, agogo na hararata.

"To. Huji yana fitowa ne in kin naɗa zare bisa allura, kin ƙara ƙulli ɗaya ke nan. Dole ki biya shi, ki haɗa ƙulli biyu su zama ɗaya. In ba ki biya ba, faɗi zai yi ta yi."

Kun ji ko? Kowane huji ɗaya, ragi ɗaya. Na sake: huji ɗaya, ragi ɗaya. Ganyen fa?

"Ki tsinko ganyen dogonyaro, ki zana shi a littafin lissafi mai gida-gida, gida ɗaya ƙulli ɗaya. Jijiyar tsakiya ƙulli guda ce miƙe, huji dama da hagunta, ragin a bakin ganye. Kar ki ce sai kowane tsini ya fito, zare ba alƙalami ba ne. Mai koyo ta fara da zanen igiyar ruwa: ƙulli 18, haɗi uku, huji shida kowanne da ƙulli ɗaya a bayansa, haɗi uku, sau ɗaya a kowane layi huɗu."

Lissafin farawa fa?

"Ki saƙa ɗan gwaji tukuna. In ƙulli 24 sun ba ki santimita 10, kina son zagaye santimita 60, kin ga 144 ke nan, igiyar ruwa takwas cif."

Gwajin nan shi kuke tsallakewa, na san halinku, gaggawar ranar biki. Ni dai a ganina zare mai launi ɗaya ya fi, mai rodi-rodi yana cinye zanen.

Wata daga Kamba ta ce nata ya cukurkuɗe bayan ta gama. Ki jiƙa shi, ki matse cikin tawul ba murɗawa, ki shimfiɗa ki kafe da fil har ya bushe. Ulu da auduga suna buɗewa, zaren roba kuwa taurin kai gare shi.

Ta ƙarshe: mai huji zai tare hunturu? Ki saƙa shi da tsawo ki ninka biyu. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.