Jajayen Kuraje a Ƙafa: Laccar da Aka Gabatar a Sakkwato

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana. Kowa a nan ya taɓa ganin wanda kuraje suka feso wa a ƙafa, ya nufi kyamis ya ce a ba shi "man ƙaiƙayi". Yawancin mayukan nan suna ɗauke da sitiroyid, wani sinadari mai danne ƙaiƙayi da kumburi. Ƙaiƙayin zai lafa kwana biyu, cutar kuma tana ci gaba da yaɗuwa a ƙarƙashi. Don Allah a fara sanin me ya kawo kurajen.

Cizon sauro da na kuɗin cizo ba sai na tsaya a kansu ba, suna bajewa da kansu. Haka kurajen zafi na watan Afrilu, lokacin da zafinmu ke haura digiri 40.

Wanda nake yawan gani shi ne cin ruwa. Mutum ya yi alwala, ya zura ƙafa a jiƙe cikin takalmin roba. Ka buɗa tsakanin yatsunsa, ka tarar fatar ta yi fari fat, tana saɓulewa, gefe kuma ƙananan kuraje masu ruwa. Maganinsa man clotrimazole, safe da yamma, mako 2 zuwa 4, a kuma riƙa tsane tsakanin yatsu.

Idan ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, kuma yaran gida duk suna susa, ƙazuwa ce. Jarirai har a tafin ƙafa take fito musu. Ana shafa man permethrin, a maimaita bayan kwana 7, gida gaba ɗaya, har wanda bai fara susa ba. A wanke tufafi da zannuwan gado da ruwan zafi.

Manoman fadamar Rima masu shiga laka ba takalmi, ku kula da jan layi mai lanƙwasa da ke matsawa kullum. Tsutsa ce daga kashin kare ko kyanwa, maganin albendazole ke kashe ta.

Iyaye mata, ku yi haƙuri, sai na taɓo ku. Baƙin lallen da ake haɗawa da sinadarin rina gashi yana tayar da ƙuraje daidai kan zanen. Jan lallenmu na gargajiya ya fi aminci.

Mai ciwon suga kuwa, ko ƙurji ɗaya ne, ya tafi asibiti ranar, kafin ya zama gyambo. Idan kuma akwai zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ga jajayen ɗigo a fata, aka danna kofin gilashi a kansu ba su dushe ba, ana tsoron sanƙarau. A garzaya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibiti mafi kusa, ko da tsakar dare ne.