Kuɗinka ya maƙale a hanya? Laccar da aka yi wa matasa kan kuɗin tura kirifto

Toh assalamu alaikum, na baya kuna jina? Madalla. Abu huɗu na zo da su yau, kuma duk a kan matsala ɗaya ne, wato ka tura Bitcoin tun safe, mutum yana ta kiranka, kai kuma kana ta kallon waya har la'asar abu bai shiga ba.

Na farko, kuma don Allah ku riƙe wannan da kyau, Bitcoin tasha ce. Mota tana tashi kusan duk minti 10, ita ake ce wa bulok, kuma wurin da ke cikinta a ƙayyade yake, ba a yin lodi fiye da kima. Duk wanda ya tura kuɗi sai ya shiga filin jira, shi ne mempul. Masu mainin, wato masu kwamfutocin da ke tabbatar da turawa, su ne direbobi, kuma direban nan ba ruwansa da wanda ya riga zuwa, wanda ya fi biya shi zai fara ɗauka. Amma ga inda mutane ke rikicewa: ba darajar kayanka yake dubawa ba, wurin da kayan zai ci yake dubawa. Ka zo da zinare a aljihu, wani ya zo da buhun auduga goma, wa zai fi biyan kuɗin mota? Mai auduga mana! To haka yake, wanda ya tura na dala miliyan ɗaya zai iya biyan ƙasa da wanda ya tura na dala 50. Ina so wannan ya zauna a kanku, wuri ake saye, wuri.

Ma'aunin kuwa shi ne satoshi nawa ka biya kan kowane bayit, wato awon girman bayanan turawarka, satoshi ɗaya kuma kashi ɗaya ne cikin miliyan 100 na Bitcoin. Turawa ta yau da kullum daga adireshin da ya fara da bc1q tana cin wajen bayit 141, idan farashi yana 5 ka biya satoshi 705, idan tasha ta cika ya koma 100, kaya ɗaya ne fa bai canza ba, amma sai ka biya 14,100. Kuma tana cika ɗin, a Disambar 2017 matsakaicin kuɗin turawa ya haura dala 50, ranar 20 ga Afrilun 2024 da aka rage ladan masu mainin gida biyu kuma aka fito da Runes, wata hanyar ƙirƙirar sabbin kirifto a kan Bitcoin, a lokaci guda, ya wuce dala 100. Mutum yana so ya tura na dala 30, ku duba.

Me ke sa kaya ya yi girma? Canji. Ku masu karɓar ƙananan kuɗi kullum, wannan naku ne. Duk kuɗin da aka turo maka a walet yana zaune ne daban kamar takarda ɗaya, ba ya narkewa da sauran, ranar da za ka biya babban kuɗi sai walet ta tattaro su duka kamar mai shayi ya je sayen buhun sukari da 'yan naira ashirin-ashirin, kowace ɗaya kuma tana ƙara bayit 68, a tsohon adireshi mai farawa da 1 ma wajen 148 ne. Guda 20 ka haɗa, ka haura bayit 1,400, ninki goma kenan. Maganin? Ranar da tasha ta yi shiru, galibi ƙarshen mako, ka buɗe shafin mempool.space ka ga farashi ya faɗi, ka tura wa kanka su duka su zama dunƙule ɗaya. Ka sayi wuri lokacin da yake araha. Wuri ake saye, na faɗa ko?

Toh na biyu... a'a na uku ke nan ko? Ko ma dai na nawa ne, idan ya riga ya maƙale. Hanya ɗaya RBF, ka sake tura shi da ƙarin kuɗin mota sabon ya maye tsohon, walet irin su Electrum da BlueWallet suna da maɓallinsa. Ɗayar kuma ina sonta ƙwarai, CPFP, ɗa ya biya wa uba. Kai da aka turo wa, ka kashe kuɗin nan da bai tabbata ba, ka tura wa kanka da kuɗin mota mai tsoka, direba ba zai iya ɗaukar ɗan ba sai ya ɗauki uban, sai ya kwashe su tare. Ɗa na gari ke nan, Allah ya ba mu irinsu. Sai dai ka biya abin da zai ishe su su biyu.

Lokaci na gudu. Lightning, hanyar biya da aka gina a kan Bitcoin don ƙananan biya, daƙiƙu ne kuma kuɗinsa kaɗan. Ethereum, wani kirifton daban, a walet ɗin MetaMask akwai maɓallin hanzartawa, sabuwar turawar da tsohuwar lambar jerinsu ɗaya ce amma sai ka ƙara gas, wato kuɗin mota na can, aƙalla kashi 10 cikin 100, kuma tun gyaran Ethereum mai suna Dencun na Maris 2024 su Arbitrum da Base, layukan da aka gina a kansa, sun yi arha sosai. USDT kuma, wato kirifton da ke bin farashin dala, ku duba layin da za ku bi, na Tron daban na Ethereum daban, ka tabbata mai karɓa yana kan layin da ka zaɓa. Na'am? Ɗan'uwa ɗaga murya.

Yana cewa nasa ya kwana uku, wani a guruf ya ce ya turo masa kalmomi 12 na walet zai saki kuɗin. Ɗan'uwa ka tura? Alhamdu lillahi. Kar ka tura, wallahi kar ka tura, kalmomin nan su ne makullin rumbunka gaba ɗaya, wanda ya same su zai kwashe komai kuma ba mai dawo maka da shi. Masu hanzartawa na gaskiya suna nan, ViaBTC na yi, mempool.space ma na yi, amma lambar turawar kaɗai suke nema, wadda dama kowa na iya gani. Kuma kuɗinka bai ɓace ba, yawancin kwamfutocin da ke riƙe mempul suna sauke abin da ya yi kwana 14 bai shiga ba, sai ya koma kamar ba a tura ba. Kai ne ka tura ko kai aka turo wa? Kai aka turo wa, toh naka CPFP ne, in mun tashi ka zo da wayar mu duba girmansa mu lissafa nawa ɗan zai biya.