Massey Ferguson 135 ta ƙi riƙe garma a sama: leƙa ta gefe kafin ka sayi famfo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga wata gona a yankin Yorkshire da ke arewacin Ingila nake magana, cikin rumfar ajiye injuna, shi ya sa kuke jin ruwan sama yana dukan kwano. Taraktar da ke bayana Massey Ferguson 135 ce, mai injin dizal na Perkins mai silinda 3. A 1964 aka fara ƙera wannan samfuri, na nan Ingila kuma daga masana'antar Banner Lane ta Coventry suka fito. Duk wanda ya san jar tarakta a gonakin Kano, Zariya ko Funtuwa ya san danginta, kuma tsarin ɗaga garmarsu kusan ɗaya ne, wato tsarin da ake kira da sunan Harry Ferguson.

Ga ciwonta. Da safe, mai yana da sanyi, tana ɗaga garma lafiya lau. Da ta yi awa guda tana aiki, man ya yi zafi ya tsinke, sai ɗagawar ta yi nauyi. In garmar tana sama za ka ga tana ɗan sauka, sai ta zabura ta koma, ta sake sauka, kamar mai shaƙuwa. In aka kashe injin kuwa, kafin ka gama shan kofin shayi garmar ta taɓa ƙasa. Mutane da yawa da sun ga haka sai su ce famfon da ke tura man ɗaga garma ya mutu. Famfon ne ya fi komai tsada a wannan tsari, shi ne kuma ya fi wuyar cirowa, ga shi sau da yawa ba shi da laifi.

Sai an san hanyar man kafin a san inda yake ɓacewa. A wannan tarakta mai ɗaya ne yake hidimar akwatin giya, da gatarin ƙafafun baya, da haidirolik (wato tsarin ɗaga garma da matsin mai), wajen lita 30. Famfon yana can ƙasa a nutse cikin man, yana da ƙananan fistin 4. Yana tura mai sama ta wani siririn bututu da ke tsaye, man ya shiga babban murfin da ke ƙarƙashin kujerar direba. A cikin murfin akwai silinda ɗaya da fistin ɗaya babba, shi ne yake tura sandar da ke juya hannuwan ɗagawa. Saboda haka wuraren zurarar man ba su da yawa: zobban babban fistin, robar bututun tsaye, bawul ɗin rage matsi, da bawul ɗin sarrafawa da ke jikin famfo.

Kafin na ɗauki sifana, akwai abubuwa na araha. Liba 2 ce a gefen dama na kujera, ɗaya ta matsayin hannun ɗagawa, ɗaya ta nauyin jan garma. In kana son ɗagawa da ta matsayi, dole ta nauyin ja ta kasance can sama gaba ɗaya, in ba haka ba za ka yi ta zargin injin alhali liba ce. Sai kuloci. Mai hawa biyu ne, kuma hawa na biyun ne yake juya famfo, don haka in ka taka shi har ƙasa famfon ya tsaya, in kuma hawan yana zamewa famfon ba zai yi ƙarfi ba. Sai sandar awon mai, ga ta a jikin zagayayyen murfin gefen dama. Ku dubi abin da ta fito da shi. Wannan ba kalar mai ba ce, kamar kunun gyaɗa yake. Ruwa ne ya shiga. Ta robar gindin libar giya yake shiga in ta yage, da ta robar babban sifirin ɗin da ke bayan kujera, inda ake ɗaura sandar sama ta garma. A nan Ingila tarakta takan kwana cikin ruwa wata da watanni. A gida kuwa ta waɗannan ƙofofi ne ƙurar hunturu take shiga, ita kuma ci take yi kamar takardar goge katako.

Yanzu gwajin da ya fi komai amfani. Na rage man har ya sauka ƙasa da bakin murfin gefen dama, amma famfon yana nan a nutse. Na kwance murfin. Garma tana ɗaure a baya, domin in babu nauyi ba za ka ga zurara ba. An tayar da injin, an ɗaga, ni kuma ina leƙawa da tocila. Da ido kawai ake wannan aiki. Kada hannu ya shiga ramin nan injin yana tafiya, akwai sanda tana juyawa a ciki, ba kuma za ta tsaya don yatsan kowa ba. Haka nan kada kowa ya tsaya ƙarƙashin garmar.

Matso da kyamarar nan, ɗan'uwa. Kun ga man yana zubowa daga sama kamar indararo? Daga bakin silinda yake fitowa, wato zobban fistin sun saki. Ɗigo kaɗan-kaɗan ba komai ba ne a fistin mai zobban ƙarfe, amma wannan kwarara ce. Ga kuma wani siririn mai yana bin jikin bututun tsaye yana gangarowa, robarsa ke nan. Da a ce sama a bushe take, sai ƙasa ne man yake tafasa a kusa da famfo, to sai mu ce bawul ɗin rage matsi ne ko na sarrafawa. Da kuma hannun yana hawa da tsalle-tsalle, yana karkarwa tun daga ƙasa har sama, wannan ne alamar ɗaya daga bawulolin cikin famfo ba ya rufewa. A nan ƙasan shiru yake, hawan ma sumul. Famfo zai zauna inda yake.

Na sauke garma, na kwance ta, na juye man duka. Matoshin juyewa ba ɗaya ba ne, a buɗe kowanne, kuma a yi tun man yana da ɗumi don dattin ya biyo shi. Kujera ta fita. Wannan ƙaramin marfi mai noti 2 da ke saman murfin shi ne kan bututun tsaye: a cire shi, a zare bututun a miƙe. Shi ake fara cirewa, in an manta aka ɗaga murfin da shi a ciki zai lanƙwashe. Ku ga robar. Ya kamata ta zama zagayayya mai laushi, amma ta baje ta bushe, tana karyewa a hannu. Abin da bai kai kuɗin burodi ba, ga shi yana cikin masu kayar da garma.

Wajen da ake yawan ɓarna shi ne nan. Akwai liba da ta sauko daga murfin ta haɗu da libar bawul ɗin sarrafawa a jikin famfo. Ta ramin gefen nan ake raba su kafin a ɗaga murfin, a sa ɗan katako ya tokare. Ɗauki hoton yadda suka haɗu da wayarka tukuna. Notocin tarakta irin wannan na awon inci ne, sifanar milimita za ta cinye musu kai. Kuma tsawonsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa nake soka kowanne a jikin kwali bisa jerin raminsa. Murfin yana da nauyi ƙwarai, ga hannuwan ɗagawa suna rinjayar da shi baya, sai mutum 2 ko sarƙar ɗaga inji. A ɗaga shi a miƙe, a kifa shi kan benci yadda libobin cikinsa za su kalli sama.

Noti 4 ne suke riƙe da silindar. Ta fito. Ana fitar da fistin ta buga bakin silindar a kan katako, ko a hura iska kaɗan ta ramin mai, amma a tare bakin da tsumma domin yakan fito da ƙarfi. Zobban ƙarfe 3 ne a jikin wannan, kuma bakinsu ya buɗe sosai. Yanzu sa farce a cikin silindar. In farce ya wuce sumul, sai a ɗan goge ta da dutsen goge silinda a sa sababbin zobba. In farce ya maƙale a layi, kamar yadda nawa ya maƙale a nan har wuri 2, sababbin zobba asarar kuɗi ne, man zai bi layin ya wuce. A duba kuma ko ta tsage, musamman kusa da kunnuwan notin. Hakan yakan faru in ana gudu a hanya mai gargada da haro mai nauyi a sama yana tsalle.

Kafin oda a auna faɗin cikinta, domin ba iri ɗaya ba ne: akwai inci 3, akwai 3 da 1/8, akwai 3 da 3/8. Sabuwar silinda da fistin ɗinta tare na saya. A ganina fistin mai zoben roba da zoben tokare ya fi riƙe nauyi in an kashe injin, amma yana son silinda mai santsi, ba ya jure ko ƙaramin layi. In mai zobban ƙarfe ne, a rarraba bakunan zobban su kalli fuska 3 daban-daban, kada su jeru. A shafa mai mai tsabta, a tura a hankali. Akwai ƙaramar roba tsakanin silinda da murfi inda mai ke shiga, a sa sabuwa.

Tunda ciki a buɗe yake, a wanke shi. Dizal da buroshi, a kwashe taɓon da ya kwanta a ƙasa. In famfonka mai rariya ne, a cire ta a wanke. A goge da tsumman da ba ya zubar da zare. Gaskit na takarda sabo za a sa, ba a lafta silikon, domin guntunsa yana faɗawa cikin mai ya je ya maƙale a bawul.

Wajen mayarwa, mutum ɗaya yana sauke murfin, ɗaya yana leƙe ta gefe yana kallon libar nan ta faɗa daidai inda hoton ya nuna. In ta faɗa ɗaya gefen, hannun zai ƙi tashi sam, ko ya tashi ya ƙi sauka. Bututun tsaye da sababbin robobinsa sai ka ji ya zauna cikin famfo kafin ka ɗaure marfinsa. In ka taɓa notocin hannuwan ɗagawa, a ɗaure su daidai yadda hannun zai sauka da nauyin kansa a hankali. Robobin libar giya da ta sifirin duk sababbi ne yanzu.

Mai kuma, a nan 15W-30 na tarakta ake zuba mata. Kada a zuba man giya mai kauri irin na GL-5: famfo yana wahalar jansa da sanyi, sinadarinsa kuma ba ya shiri da sassan tagulla da ke cikin famfon. Ba a buƙatar fitar da iska, ɗaga ka sauke sau 10 ya isa.

Na ɗaura ma'aunin matsi mai kai psi 4,000 (psi awon ƙarfin matsi ne) a ramin matoshin da ke kusurwar murfin. Lafiyayyen famfo yakan kai matsin da aka ƙayyade wa samfurinsa kafin bawul ɗin rage matsi ya buɗe. Da na auna tun kafin gyara, zurarar silinda za ta sa allurar ta nuna ƙasa, a ɗora wa famfo laifi. Ga allurar nan ta shiga inda ake so, ba ta rawa. Kada a bar shi yana kuka a wannan matsi fiye da 'yan daƙiƙu, man zafi yake yi.

An mayar da garma, an bar injin ya yi aiki har man ya ɗauki zafi, an ɗaga, shaƙuwar nan babu ita. Na kashe injin, na sa tef daga bakin garma zuwa ƙasa, na yi alama da alli a jikin wannan katako. Minti 30 ke nan yanzu. Kawo kyamarar ƙasa-ƙasa su gani: bakin garmar yana nan daidai kan layin allin.