Lacca: Rakiyar Baligi Mai Cutar Sistik Faibrosis a Ƙarshen Rayuwarsa

Assalamu alaikum. Na can baya, kuna ji na? To, madalla. Abubuwa huɗu na zo da su, in lokaci ya bari.

Bari in ɗan taɓa cutar kanta, don na ga sababbin fuskoki. Sistik faibrosis gadonta ake yi. Sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar halittar, sannan kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da ita, irin lissafin sikila da kuka sani. Majina ce ke yin kauri kamar danƙo, ta toshe hanyoyin huhu da na narkar da abinci. Lokacin da likita Dorothy Andersen ta bayyana ta a 1938, yawancin yaran ba sa wuce ƙuruciya. A 1989 aka gano ƙwayar halittar, CFTR, a 2019 kuma Amurka ta amince da maganin Trikafta. Yau a Amurka manyan da ke da cutar sun fi yara yawa. Sai dai maganin ba kowa yake yi wa aiki ba, ba kowa ke samunsa ba, kuma huhun da ya riga ya lalace ba ya komawa sabo.

To, na farko, numfashi. Nan zan daɗe, ku yi haƙuri da ni. Wanda bai taɓa zama kusa da mai haki ba, ba zai gane ba. Za ka tarar da shi zaune, ya jingina hannuwa a tebur, kafaɗu na sama da ƙasa, kalma uku sai ya tsaya. Haki na kawo tsoro, tsoro na ƙara haki, haka suke ta zagaye. Sai ɗan'uwa ya shigo da kyakkyawar niyya ya ce, "Kwantar da hankalinka." Haba! Da zai iya ai da ya kwantar. Ka zauna daidai fuskarsa, ka rage surutu, ka riƙa sauke naka numfashin a hankali yadda zai gani. Ka kawo 'yar fanka ta hannu ka kaɗa masa iska a fuska. Na ga wani yana murmushi. Wallahi tana aiki, iskar da ke taɓa fuska da hanci tana rage jin shaƙewa.

Sannan mofin, maganin nan mai ƙarfi na rage raɗaɗi. Da an ambace shi sai fuskar dangi ta sauya. Wata uwa ta taɓa riƙe mini hannun riga ta ce, "Likita, ba shi ne zai tafi mini da shi ba?" Na ce mata, "Mama, ɗan kaɗan ake farawa, a duba, a ƙara in da buƙata." Mofin da aka auna haka yana sassauta haki, ba ya kashe mutum. Abin da na fi gani shi ne akasin haka, mutum ya kwana uku yana kokawa da iska saboda mu ma'aikata muna jin tsoron maganin. Tsoron namu ne, wahalar tasa. Na maimaita, tsoron namu ne.

Kuma don Allah, 'yar na'urar nan ta yatsa mai nuna iskar jini. Dangi su kafa mata ido kamar masu jiran sakamakon jarrabawa, mara lafiya na gefe ba mai kallonsa. Tambaye shi yadda yake ji, shi ya san ƙirjinsa.

Har yanzu ina kan na farko, ko? To. A wasu cututtukan, idan ƙarshe ya zo akan ajiye magunguna. A nan da bambanci. Bubbuga ƙirji don majina ta fito, maganin shaƙa, maganin kashe ƙwayoyin cuta, su kansu sauƙi suke kawowa. Mutumin nan tun yana yaro yake wannan hidima kullum, ya fi mu sanin wanne ke taimakonsa. Shi zai zaɓi abin da za a ci gaba da shi da wanda ya gaji da shi.

Na uku, a'a, na biyu: dashen huhu. Wasu suna cikin layin jira, waya a ƙarƙashin matashi, ko yau a kira su. Saboda haka kowa ke nauyin baki, wai kada a karya masa gwiwa. Ana iya tafiya da biyun, a jira kiran, a kuma yi maganar tun yana da numfashin yin ta: ina yake so ya kasance, zai yarda da na'urar numfashi, wa zai yi magana a madadinsa. Akwai kuma tarin jini. A tanadi tawul mai duhun launi, a gaya wa dangi tun da wuri, kada ya zo musu ba shiri. Na ƙarshe kuwa... na'am, Hajiya, ga hannunki a sama.

Tana tambaya, aminin ɗanta shi ma yana da cutar, zai iya zuwa su yi ban kwana? Kai, Hajiya, kin taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Masu wannan cuta suna harbin juna da ƙwayoyi irin su Burkholderia cepacia, shi ya sa ake ce musu su bar tazarar kusan mita biyu, kuma ba a haɗa su ɗaki ɗaya. Wanda ya fi kowa fahimtar ɗanki, shi ne wanda ba zai iya riƙe hannunsa ba. Ki yi magana da likitocin abokin, don shi ne ke cikin haɗari. Ni dai shawarata, a haɗa su ta bidiyo, ki jingina wayar ki fita ki ba su wuri. In haki ya hana ɗanki magana, abokin ya aiko da saƙon murya, a riƙa kunna masa. Kuma bayan rasuwa a tuna da abokin nan, a kira shi, domin yana kallon abin da zai iya samunsa ne.

An ɗago mini takarda, lokaci ya ƙare. Hajiya, ki jira ni a bakin ƙofa.