Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi daga Kwamitin Iyaye da Malamai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Labarin aikinka ya riga ka isowa garin nan, ba sai mun tsaya lissafi ba. Da kukanmu za mu fara: rufin ɗakin koyon sana'a da iskar farkon daminar bara ta yaye.

Wannan makaranta gumin talakawa ce. Tun muna ƙarƙashin Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, iyayenmu suka buga tubali da aikin gayya suka tayar da ajujuwan farko. Da tsarin karatu na 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a, ya shigo a 1982, aka ce kowane yaro zai fita da sana'a a hannu. Aka kawo injina cikin akwatuna, ba wuta, ba malami, har tsatsa ta cinye su. Mu mutanen ƙasar Gumel, riɗinmu da zoborodonmu har ƙasashen waje ake kai su, amma namu rabon kullum sai dai a ce mu ƙara haƙuri.

Ranka ya daɗe, a da ranar Alhamis aji wayam yake, domin yara maza duk suna kasuwar Maigatari wajen dako da korar dabbobi. Sai malamanmu suka yi dabara, suka mayar da kafinta da ɗinki da zaman ƙungiyoyin ɗalibai ranar. Ƙungiyar matasa manoma ta samu fili bayan makaranta, ta muhawara ta samu inuwar darbejiya. Yaron da bulala ta kasa kawowa, zarto ya kawo shi, kuma tunda ya zo, dole ya zauna darasin lissafi. Uwar da ta ga 'yarta ta ɗinka wa ƙaninta rigar sallah, da kanta ta sauke mata farantin talla. Rajistar aji tana nan, a duba.

Tun da rufin ya tafi, kekunan ɗinki suna jibge a ofishin shugaban makaranta, yaran kuma sun fara sulalewa kasuwa. Wannan abu yana ci mana rai.

Muna buƙatar ƙarin malamin sana'a, da damar yaranmu su zauna jarrabawar NABTEB, wato ta hukumar jarrabawar sana'o'i da kasuwanci ta ƙasa. Waɗannan za su iya jira. Kwano da katako da ƙusa ne ba za su jira ba, don in wani ruwan ya sake sauka kan bangon nan, faɗuwa zai yi. A taimaka mana da rufin nan kafin damina, ranka ya daɗe.

Allah Ya ƙara girma, Ya mayar da kai gida lafiya.