"Blackmail" ba baƙar wasiƙa ba ce

Kwanan nan kowa a soshiyal midiya sai blackmail, blackmail, wato barazanar "biya ko in tona maka asiri", kuma na ga mutane da yawa suna fassara ta da baƙar wasiƙa, wai don ana turo barazanar ne a rubuce. To ku tsaya, nan ne ake samun kuskuren. Wannan mail ɗin ba ta gidan waya ba ce sam. Tsohuwar kalmar yaren Scots ce, na mutanen Sikotlan, ma'anarta kuɗin haya ko galla da manomi yake biyan mai ƙasa. Har gonar haya ma mailin suke ce mata.

Mu je iyakar Sikotlan da Ingila a ƙarni na 16. Dangogi irin su Armstrong da Elliot da Graham suna hawa dawakai da daddare su kore shanun mutane, su banka wa gida wuta, kafin gari ya waye sun ɓace cikin tsaunuka. Sai su dawo su ce wa manomi, biya mu kaza, ba za mu taɓa ka ba, wani ma ba zai taɓa ka ba. Ka ga yanzu haya biyu ke kansa, ɗaya ta mai ƙasa, ɗaya ta ɓarawon da shi ne barazanar kuma shi ne mai gadin. Ta biyun nan ita ce black mail. Wasu masana sun ce an kira ta baƙa ne saboda da shanu ko hatsi ake biya, ita kuwa hayar halal da farar azurfa.

Wallahi duk sanda na karanta wannan sai manoman Zamfara su faɗo min a rai, masu haɗa wa 'yan bindiga kuɗi kafin a bar su su girbe abin da suka shuka. Abin yana min ciwo ƙwarai.

Sauran da sauri: a 1601 Ingila ta yi dokar kisa kan masu karɓa a lardunanta na arewa, a 1603 Sarki James na shida na Sikotlan ya haɗa sarautar ƙasashen biyu, daga baya ya murƙushe maharan iyakar. Amma can cikin tsaunukan Sikotlan Rob Roy MacGregor, wani shahararren ɓarawon shanu, ya ci gaba da karɓa, ya rasu a 1734. Ma'anar "biya ko in tona maka asiri" sai a ƙarni na 19 ta yaɗu.